Kwano na Huɗu

Laraba, 5 ga Yuli, bayan azahar

Ishiyaku ya dawo.

Ina tsakar gida ina tsintar wake na ji acaɓa ta tsaya a ƙofa, sai ga wani dattijo ya yi sallama ya shigo da buhu a hannu. Na ja mayafi zan ce masa maigidan ya daɗe da rasuwa, sai ya ce, "Yaya Sa'adiya, ni ne fa." Ƙanina, wanda na goya a bayana. Yana saurayi ya tafi Sudan da niyyar ya yi ɗinki ya tara guzuri ya ƙarasa Makka, ɗinkin ya riƙe shi har ya yi aure ya hayayyafa a can. Yau yaƙi ya koro shi, furfurarsa ta fi tawa.

A bayansa matarsa ce Mufida, wadda muryarta kawai na sani a waya. Bahaushiya ce amma haihuwar can, Hausarta duk Larabci ya shiga. Sai 'yarsu Salma, ta damƙe zanen uwar kamar za a ƙwace ta.

Na leƙa zaure ina jiran na huɗunsu. Na ce, "Ina Adnan?"

Mufida ta ce, "Yana hanya, Yaya. Yana bayanmu."

Ishiyaku ya sunkuya yana kwance igiyar buhu. Na yi dariya a raina, na ce ka ji ɗan gargajiya, duk zaman ƙasar Larabawa bai cire masa kunyar ɗan fari ba. Babanmu ma har ya koma ga Allah bai taɓa ambaton sunan babban wanmu ba.

Na sauke su a ɗakin Baba. Yana yoyo ta gabas, na ajiye musu roba.

Alhamis, 6 ga Yuli, da la'asar

Malam Ubaidullahi limaminmu ya zo yi musu barka da zuwa. Da zai fita ya tsaya a zaure ya ce da ni a hankali, "Gobe ki sa gidan nan a cikin masu karɓa." Ya san 'yar gonata da ƙosan da nake toyawa ba za su riƙe mu duka ba.

Ishiyaku ya ji. Ya shige ɗaki bai ƙara fitowa ba.

Na san abin da ya soke shi. Rumbun jama'a da ke bayan masallaci, a nan manoman Unguwar Gai suke zuba zakkarsu da kaka, daga nan ake ciyar da tsofaffi da marayu da matan da mazansu suka rasu. Amma zakka ba ta taɓa cika shi ita kaɗai ba. Rabin geron cikinsa allurar Ishiyaku ce take saya, duk kaka yakan aiko a saya a zuba. Tun rasuwar maigidana ni ce mai awo. Duk safiyar Juma'a, kai ɗaya kwano ɗaya, kuma da tsororuwa, in tare da hannu in cika har ya yi tsini. Haka aka gada, ba a yi wa mabuƙaci awon kasuwa.

Yanzu mai cika rumbun ne za a auna wa. Kuma ba shi kaɗai ya dawo ba. Ramalan na unguwarmu ma ya iso daga Sudan makon jiya da tarin 'ya'yansa, an ce akwai wasu a Saji, wasu a Rurum.

Juma'a, 7 ga Yuli, da hantsi

Mufida ce ta zo da ƙwarya, ta tsaya can ƙarshen layi kanta a ƙasa. Inna Jummai tana gabanta, tsohuwar Bafulatanar nan makauniya da ke zaune ita kaɗai a bakin gari. Ta ji baƙuwar murya ta ce, "Sa'a, wa kika samo mana mai gaisuwa kamar ana karatu?" Har Mufida sai da ta murmusa.

Na zuba mata uku na ɗago. Ba ta janye ƙwaryar ba.

Ta ce, "Mu huɗu ne, Yaya."

Na zuba na huɗu. Yaron da ke hanya ai yau ko gobe ne.

Lahadi, 9 ga Yuli, da yamma

Duk acaɓar da ta wuce sai Mufida ta fita zaure. Salma kuwa in ta ji salansa ya yi ƙara sai ta toshe kunne ta durƙushe. Uwa tana fita, 'ya tana ɓuya, duk a kan ƙara ɗaya.

Talata, 11 ga Yuli, bayan azahar

Na shiga ɗakinsu ɗauko robar yoyo na ga tsohuwar randar innarmu a bayan ƙofa, an rufe ta da faifai an ɗora dutse. Na buɗe. Gero ne, kwano guda cif.

Mufida ta shigo ta same ni. Ta ce, "Na waladi ne," wato ɗanta. "Bai taɓa shan furar gida ba, kullum labari yake ji a bakin ubansa. In ya zo ke za ki dama masa, Yaya, ni ban iya ba."

Na ce zan dama masa har ya ce ya ƙoshi. Ita ba ruwanta da kara, Adnan kaza, Adnan kaza, mijin ma Abu Adnan take ce masa yadda suke yi a can. Matan unguwa har sun fara zunɗe, wai ko kunya ba ta ji. Shi kuwa gogan in an ambaci sunan sai ya tashi ya nemi fartanya.

Alhamis, 13 ga Yuli, bayan la'asar

Saminu, ɗan Malam na wajen ƙaninsa, shi yake hawa rumbu ya sauko mana da dammuna mu sussuka. Yau da ya sauko bai yi wasan da ya saba ba. Ya kaɗe rigarsa ya ce, "Gwaggo, na hango ƙasan rumbu ta gefe ɗaya. A haka ba za mu kai sabon gero ba."

Malam ya tara dattawa a gindin darbejiya, aka kira ni na zauna gefe. An yi ta magana. Wani ya ce a rage wa kowa, wani ya ce waɗanda suka dawo ai danginsu su riƙe su. Malam ya ce wanda ya dawo da rigar jikinsa kawai mabuƙaci ne kamar kowa, ba za a ware shi ba, kuma ba za a taɓa kwanon tsofaffi ba. Abin da aka tsayar shi ne daga gobe bakin da ke cikin gari kaɗai za a auna wa. Wanda ya tafi ci-rani, wanda ke hanya, sai ya iso.

Saminu bai dube ni ba da aka faɗi haka. Kowa ma bai dube ni ba.

Hukuncin daidai ne. Da wani gida ne da ni ce zan fara cewa daidai ne.

Juma'a, 14 ga Yuli, da hantsi

Na tashi da niyyar in gaya wa Mufida. Na same ta tana shanya wata riga ta namiji da ta wanke, tana miƙar da wuyan da hannu. Na ce mata an tashi lafiya, na wuce.

A wurin awo ban tare da hannu ba. Na cika kwanon, na bar babban yatsana ya bi ta sama, tsinin ya zube a tabarma. Haka na yi wa kowa. Ɗan abin da ke zuba bai kai a yi magana ba, amma da layi ya ƙare na tattara, ya cika kwano har da saura.

Rumbu bai yi asarar ƙwaya ɗaya ba. Wannan nake ta faɗa wa kaina tun safe.

Huɗu na zuba mata.

Litinin, 17 ga Yuli, da azahar

Wasu mutane sun zo daga birni a farar mota, sun tara waɗanda suka dawo a ƙofar mai unguwa, sun yi musu tambayoyi, sun ɗauki hoto, sun ce tallafi yana tafe. Ishiyaku ya ƙi fita. Mufida ta je, ba don tallafin ba. Ta riƙe hannun rigar ɗayansu tana tambaya ko sun ga wani dogon saurayi mai tabo a gira a cikin waɗanda ake kwasowa. Ya ce za su bincika.

Laraba, 19 ga Yuli, da yamma

A injin niƙa na ji wata tana cewa, da ƙarfi don in ji, "Waɗanda suka tafi suka ci daɗinsu shekara da shekaru, yanzu sun dawo cin rabon waɗanda suka zauna suka sha wuya."

Na juyo na ce, "Tuwon da ya raya marayun 'yar'uwarki bara, kin san daga ina ya fito? Daga idon mutumin da kike zagi, da ya ƙare a kan allura." Ta ɗauki garinta ta wuce.

Na ji daɗin maganar har na iso gida. Daga baya na tuna surukarta tana cikin waɗanda na shafe wa kwano, sai daɗin ya tafi.

Juma'a, 21 ga Yuli, da hantsi

Inna Jummai ta ɗaga ƙwaryarta, ta jinjina ta a hannu, ta ce, "Sa'a, kwanon naki ba shi da lafiya ne? Na ji ya rame."

Na ce, "Inna, damina ce, kowa ya rame."

Ta yi dariya ta ce, "To Allah ya ba shi lafiya." Ta ɗora a ka ta lalubi sandarta.

Huɗu.

Asabar, 22 ga Yuli, da safe

Tallafin bai zo ba. Adnan bai zo ba.

Talata, 25 ga Yuli, bayan la'asar

Na kai wa Ishiyaku kunu gona. Tun da ya dawo a can yake wuni, yana maimai a inda ba ciyawa. Hannun tela ne, duk ya yi kanta ya fashe.

Na zauna a gindin ɗorawa na ce bari in tsokane shi ko ya saki fuska. Na ce, "Kai dai ka fi Baba. Shi aƙalla yakan ce 'wannan yaron'. Kai ko 'yaron' ba ka cewa. Wace irin kunyar ɗan fari ce wannan? Yaushe zai iso ne, in san irin nonon da zan sa a kawo?"

Ya ajiye ludayin. Ya daɗe yana kallon gero yana kaɗawa.

Ya ce, "Yaya, ba kunya ba ce."

Ya ce a babbar mota suka fito, cike da mutane. A wani shinge masu bindiga suka tsayar da su, suka sauko da samari har da Adnan, suka ce direba ya wuce. Mufida tana kwance a ƙasan motar ta rufe Salma da jikinta. Shi yana tsaye a gefe, ta tsakanin katako yana gani. Motar ba ta yi nisa ba.

Ya ce wa Mufida kaya aka tsayar da su su loda, za a sako su.

Sauran ba zan rubuta ba.

Mako uku ina masa dariya a raina. Duk gidajen da suka zo barka da zuwa sun ga yadda yake kau da kai, kowa ya ce ka ga mai tarbiyya. Ba wanda ya tambaye shi. Ni da na goye shi ban tambaye shi ba.

Kunun ya huce, na dawo da shi.

Laraba, 26 ga Yuli, da asuba

Na yi wa Adnan addu'a a sujada. Ban san wacce zan yi ba, ta matafiyi ko ɗayar. Na yi ɗayar, a hankali, don ɗakinmu katanga ɗaya ce.

Juma'a, 28 ga Yuli, da hantsi

Na shafe wa Inna Jummai. Na shafe wa Baba Uzairu mai rawar hannu. Na shafe wa marayu. Na tara na ba wanda ba zai ci ba.

Da Mufida ta miƙo ƙwaryar ta ce, "Jiya na yi mafarkinsa, Yaya, ya yi ƙiba."

Na ce ma sha Allahu. Huɗu.

Lahadi, 30 ga Yuli, da yamma

Ruwa tun safe. Roba biyu a ɗakinsu yanzu. Mufida ta janye randar daga inda ke ɗiga, ta mayar da katifarsu wurin.

Laraba, 2 ga Agusta, bayan azahar

An tsinci Inna Jummai a zube a bakin bukkarta. Maƙwabta suka yayyafa mata ruwa, suka ba ta kunu ta farfaɗo. Ashe tun Litinin garinta ya ƙare. Dā kwanon yakan kai ta daren Alhamis da ƙyar, tsororuwar nan ita ce cin kwanakin ƙarshe. Ba ta gaya wa kowa ba. Ta ce ta ɗauka ita ce ta fara haɗama da tsufa.

Na kai mata ƙosai da ɗan gari daga nawa. Ta shafa fuskata ta ce, "Me ya sami idonki, Sa'a?" Na ce hayaƙi ne.

Alhamis, 3 ga Agusta, da la'asar

Bayan mun gama sussuka matan sun watse, Saminu ya tsaya yana naɗe igiya.

Ya ce, "Gwaggo, daga saman rumbu ana ganin komai. Na ga yatsanki."

Na ce, "To."

Ya ce, "Ban ce kin ci ba. Na san inda yake zuwa. Amma kakata ma tana cikin layin nan, Gwaggo. Jiya Inna Jummai ce, gobe wa?" Yaron da na yi wa wanka da hannuna yana jariri, lokacin da uwarsa ba ta da lafiya. Ya ce, "Gobe zan kau da kai. Amma in Juma'a mai zuwa ta zo a haka, sai na gaya wa Malam. Ki yafe ni."

Me zan yafe masa? Gaskiya ya faɗa.

Juma'a, 4 ga Agusta, da hantsi

Inna Jummai ban shafe mata ba. Na ƙara shafe wa wasu don ya kai.

Huɗu. Saminu yana kallon sama.

Asabar, 5 ga Agusta, bayan azahar

Na bi Ishiyaku gona. Na ce ya gaya mata, na gaji, hannuna ba zai ƙara ba. Na ce in daga nawa zan riƙa cika na huɗun, nawan ma ya kusa ƙarewa, kuma har yaushe?

Ya ce, "Randar nan ce take tashinta da safe, Yaya. In na faɗa mata, biyu zan rasa."

Na ce, "To ni in kashe tsofaffin mutane?"

Na yi masa faɗa irin wanda rabona da yi masa tun yana satar mini gyaɗa. Ya tsaya yana ji, kansa a sunkuye. Da na gama ya ce, "Ni na ce masa ya zauna ta bakin ƙofa, don ya sha iska."

Na dawo gida ban san ta inda na biyo ba.

Litinin, 7 ga Agusta, da safe

Ba abin rubutawa. Mufida ta sake wanke rigar.

Talata, 8 ga Agusta, da la'asar

Muna tsakar gida ni da Mufida sai muka ji ƙwanƙwasar sanda a zaure. Inna Jummai ce, ita kaɗai, tun daga bakin gari, da 'yar ƙwarya a ka. Zanenta duk taɓo. Na tashi da sauri na kama ta na zaunar.

Ta ce, "Ina baƙuwar nan mai ɗa a hanya?"

Mufida ta matso ta gaishe ta. Inna ta lalubi hannunta ta ɗora mata ƙwaryar. Sauran geronta ne na makon nan.

Ta ce, "Ki ƙara wa yaron. Sai jiya na ji a bakin mata, ashe tsororuwar kwanonmu ake tara masa. Sa'a, me ya hana ki tambaye mu? Da kin tambaya ai da mun bayar da hannunmu."

Mufida ta juyo ta kalle ni. Na kalli turmi.

Inna ta ci gaba, ba ta san abin da ta fasa ba, ko kuwa ta sani. Ta ce, "Ni ma nawa yana hanya. Jabiru. Ya bi motar shanu zuwa kudu, ya ce kwana kaɗan. Lokacin idona garau. Kullum sai na raba nono na ajiye masa nasa, in ya kwana ya yi tsami in zubar in sake. Shanun suka ƙare, na koma ajiye masa fura. Idon ya tafi ina ajiyewa. Ban san ranar da na daina ba, 'yar nan. Ba wanda ya zo ya ce mini in daina, shi ya sa har yau ban yi masa sadaka ba. Ko gumba ɗaya bai samu daga hannuna ba."

Ta faɗe shi kamar tana ba da labarin farashin kasuwa.

Mufida ta ce, "Hajiya, ke ce kika faɗi ranar Laraba?"

Inna ta ce, "A'a, santsi ne."

Mufida ta yi ta roƙonta ta mayar da geron, ta ƙi. Na raka ta har gida. Da na dawo Mufida tana nan inda na bar ta, ƙwaryar a cinyarta.

Laraba, 9 ga Agusta, bayan azahar

Acaɓa ta wuce sau da yawa yau. Mufida ba ta fita ba.

Da Ishiyaku ya dawo sallar azahar ta tare shi a tsakar gida. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Abu Adnan, kalle ni. Ka ce Adnan yana hanya. Ka kira sunansa ka faɗa, sau ɗaya."

Na ja Salma muka shiga ɗakina na rufe ƙofa. Na kunna mata rediyo. Katangarmu ba ta da kauri.

Sannan na ji muryar Mufida tana cewa, "Na ji ƙarar bindigar. Ka ɗauka ban ji ba? Ina ƙasan motar, amma na ji."

Daga nan sai kukan namiji. Tun yana goye rabona da jin sa.

Salma ta rage rediyon da kanta. Ta ce, "Gwaggo, yanzu an yarda a yi kuka?"

Alhamis, 10 ga Agusta, da hantsi

Da gari ya waye ta jawo randar zuwa tsakar gida ita kaɗai, ta cire dutsen, ta ɗaga faifan. Ƙwari sun fara shiga ta sama. Ta daɗe tana tsince su ɗaya-ɗaya.

Ta ce, "Yaya, a can mun san yadda ake yi. A nan yaya kuke yi wa wanda ya tafi?"

Na ce gumba muke yi, a raba sadaka.

Ta ce, "Koya mini."

Na surfa, ta sheƙe. Muka wanke muka jiƙa. Da ya tsane muka zuba a turmi, na ba ta taɓarya ɗaya na ɗauki ɗaya. Ba ta iya lugude ba, tana ta bugun bakin turmi, ban gyara mata ba. Matan da suka yi zunɗenta suka ji daka suka leƙo, suka ga fuskokinmu, ba wadda ta yi tambaya. Ɗaya ta karɓi taɓaryata. Wata ta koma gida ta kawo sukari. Matar Ramalan ta zo ta rungume ta, suka yi ta magana da Larabci suna kuka.

Geron da na yi alkawarin dama masa fura ke nan.

Alhamis, bayan la'asar

Malam Ubaidullahi ya yi wa Adnan sallar da ake yi wa wanda ya rasu a nesa. Sahu har bakin rumbu, ba makara a gaba, ƙasa kawai. Saminu ya ce da Malam ya tambayi sunan mamacin, Ishiyaku da kansa ya faɗa, da ƙarfi, har na sahun baya suka ji.

Mufida ta ce in kai ta duk gidan da aka rage wa. Muka bi su ɗaya bayan ɗaya da ƙwaryar gumba. A kowane gida sai ta durƙusa ta ce, "Naku ne, ku yafe masa." Ni ma na ce su yafe mini. Baba Uzairu ya ce shi bai ma lura ba, ƙarya yake yi, Allah ya saka masa.

Bukkar Inna Jummai ce ta ƙarshe. Mufida ta sa mata curi biyu a hannu. Inna ta shafa ta ce, "Biyu?"

Mufida ta ce, "Ɗaya na Adnan. Ɗaya na Jabiru, in kin yarda."

Inna ta riƙe su, ɗaya a kowane hannu. Sannan ta ce, "Allah ya ji ƙansu," ta kai na hannun dama baki.

Juma'a, 11 ga Agusta, da hantsi

Saminu ya ce in aka yi a hankali, kuma ruwa bai yanke ba, wataƙila mu kai sabon gero. Baɗi kuwa ba wanda zai aiko a cika rabin rumbun. Malam ya ce wannan sai mu bar wa Allah da kaka. Tallafin bai zo ba.

Yau na tare da hannu. Kowane kwano sai da ya yi tsini. Inna Jummai ta jinjina nata ta ce, "A'a, ya warke."

Ishiyaku ne ya riƙo wa Mufida ƙwarya har bakin rumbu, karo na farko da ya tako wurin tun dawowarsa. Ya gaisa da tsofaffin, ya koma gefe ya tsaya.

Na zuba ɗaya. Na zuba biyu. Na zuba uku. Ban ankara ba hannuna ya sake nutsa kwanon cikin gero ya ɗago shi cike.

Mufida ta ɗora tafinta a bakin ƙwaryar.

Ta ce, "Mu uku ne, Yaya."

Na juye shi a tabarma, na kira mai bi mata.